Yarda da Ƙaddara Ba Ta Hana a Tambayi Likita

Akwai wata magana da ake yi a zaman makoki a Agege da Idi-Araba da Mile 12 a nan Legas, wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Mace ta shiga asibiti da ƙafarta za ta haihu, kafin asuba a ce ta cika. Mijin na zaune a kan tabarma, sai ƙanin marigayiya ya matso ya ce, "Yaya, ni fa ban gane ba. Tun ƙarfe biyu take zubar da jini, nas ta ce likita ya tafi gida, sai biyar ya dawo." Kafin ya rufe baki wani dattijo ya ɗaga hannu: "Kai yaro, bari. Kwananta ne ya ƙare, ko a Landan take da ta tafi." Shi ke nan. An cika sauran kuɗin asibiti, an karɓi gawa, an yi sutura, babu wanda ya nemi ko takarda ɗaya.

Dattijon bai faɗi ƙarya ba, ajali ba ya jira kuma ba ya gaggawa. Amma yaron ba ajali ya tambaya ba. Awa ukun nan ya tambaya, daga biyu zuwa biyar, mace na kwance jini na zuba babu likita a ginin. Duk wata ungozoma da ta yi makaranta ta san cewa idan jinin bayan haihuwa ya wuce rabin lita an shiga haɗari, kuma yana iya kashe lafiyayyiyar mace cikin awa biyu. Tambayar yaron tana da amsa, kuma amsar na cikin fayil ɗin da aka baro a asibiti.

Matsayina shi ne: iyalin da suke da dalilin zargin sakaci su nemi bayani a rubuce, su kai ƙorafi ga hukumomin da ke da iko a kan likita da asibiti, idan cutar babba ce kuma su nemi diyya, ta sulhu ko ta kotu. Wanda ya so yafewa ya yafe, alheri ne. Amma ya yafe bayan ya san abin da ya faru. Abin da muke yi yanzu kawar da kai ne, kuma macen da za ta hau gadon nan gobe ita ke kwana a ciki.

Ba kowace mutuwa a asibiti ce sakaci ba

Gara a fara da wannan, kada a ɗauka ina tunzura mutane su riƙa cin kwalar likitoci. Likita na iya yin komai daidai majinyaci ya mutu. Kotu ba ta tambayar ko mutum ya warke. Abin da take tambaya shi ne, shin likitan ya yi abin da ƙwararren likita irinsa zai yi a wannan halin?

Abu uku mai ƙara zai tabbatar. Na farko, asibitin ya karɓi majinyacin, nauyinsa ya hau kansu. Na biyu, aikin da aka yi ya gaza abin da sana'ar ta yarda da shi. Na uku, wannan gazawar ce ta jawo cutar. A na ukun nan ne ƙararraki da yawa ke faɗuwa. Wanda aka kawo da ciwon daji da ya riga ya bazu, aka yi jinkirin kwana guda kafin a duba shi, an yi masa ba daidai ba, amma da wuya a ce jinkirin ne ya kashe shi.

To amma akwai kurakuran da sana'ar kanta ta san yadda ake kauce musu, kuma su ne muka fi binnewa da sunan haƙuri.

Ɗauki allurar ɗuwawu. Akwai wata babbar jijiya da ta taso daga ƙugu ta ratsa ɗuwawu ta gangara bayan cinya har tafin ƙafa. Shi ya sa ake koya wa ma'aikacin jinya ya raba ɗuwawu gida huɗu ya soka a ɓangaren sama na waje, ƙaramin yaro kuma a yi masa a cinya. Idan aka soka a tsakiya aka taɓa jijiyar, yaro zai ƙwalla ƙara, washegari ya kasa ɗaga ƙafar, ya koma yana jan ta. A unguwa sai a ce iska ce ta taɓa shi, ko shan inna. Alhali mai kemis ne a lungu ya yi masa allurar zazzaɓi, mutumin da lasisinsa na sayar da magani ne kawai, ba a yarje masa yin allura ba.

Ɗauki ƙarin jini. Ƙa'ida ita ce a gwada rukunin jinin majinyaci, a haɗa shi da na leda a ɗakin gwaji a ga ko sun dace, sannan ma'aikata biyu su karanta suna da lamba a bakin gado kafin a jona. Minti 15 na farko a tsaya a kansa. Idan ya fara rawar ɗari, ciwon baya, fitsari ya yi baƙi kamar shayin da ba madara, a cire nan take. Wanda aka jona wa ledar wani saboda sunansu ɗaya, ko aka jona aka tafi kallon waya, wannan ba ciwonsa ne ya ci shi ba.

Haka ruwan naƙuda. Ana sa maganin ne a cikin ledar ƙarin ruwa, a ƙirga ɗigonsa, a riƙa ƙarawa a hankali, ana sauraron bugun zuciyar jariri duk rabin awa. Idan aka ɗura shi gaba ɗaya don a yi sauri a sallami gado, mahaifa na iya fashewa, musamman ga wadda aka taɓa yi wa aiki. Haka simintin karaya da ya matse: ciwo na ƙaruwa, yatsu sun kumbura sun yi sanyi, maganinsa a tsaga shi cikin awoyi kaɗan, in ba haka ba a wayi gari ana maganar yanke hannu. Haka jaririn da idonsa ya yi rawaya tun ranar da aka haife shi, aka sallame shi da shawarar a riƙa shanya shi a hantsi, ba a auna jininsa ba, ba a sa shi ƙarƙashin fitilar asibiti ba, har abin ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan majinyaci ɗaya cikin goma na cutuwa a lokacin da ake kula da shi, kuma kimanin rabin wannan cutarwar ana iya hana ta. A 2008 hukumar ta fitar da wata takarda mai tambayoyi 19 da ake karantawa da baki a ɗakin tiyata: wane ne wannan, wane aiki za a yi, a wane ɓangare, an ƙirga ƙyallayen tsane jini da allurai kafin a ɗinke? Da aka gwada ta a asibitoci 8 a ƙasashe daban-daban, mutuwa bayan tiyata ta sauko daga 15 cikin 1,000 zuwa 8. Takarda ɗaya ce, ba ta cin ko jarkar dizal. Asibitin da ya manta ƙyalle a cikin mutum bai da uzurin cewa Najeriya ba kayan aiki.

"Ai ƙaddara ce"

Haka ne. Haɗarin mota ma ƙaddara ce, amma ban taɓa ganin an hana mai mota neman gyara daga direban da ya shiga hannunsa ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya fasa shiga Sham saboda annoba aka ce masa ko yana gudun ƙaddarar Allah ne, cewa ya yi yana gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Addinin da muke fakewa da shi ya fi mu tsauri a wannan batu. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara a kan wanda ya kashe mumini bisa kuskure, kuskure fa, ba ganganci ba, sai dai idan magada sun yi sadaka da ita. Hadisi ya zo cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, shi ne mai lamuni, wato alhakin ɓarnar na kansa. Ibn Rushd, malamin Malikiyya, ya kawo cewa malamai sun haɗu a kan likita idan ya yi kuskure diyya ta hau kansa, har ya ba da misali da mai kaciyar da ya zarce ya yanke kan gaba. Duk malaman nan sun yi imani da ƙaddara fiye da mu, kuma ba su ga ta ci karo da bin kadi ba.

"Ba za mu ci kuɗin gawa ba"

Wannan magana ce ta mutunci, na kuma san daga zuciya mai kyau take fitowa. Amma wa ke faɗinta? Yawanci kawu ne ko wan miji, wanda bayan sadakar uku zai hau mota ya koma gida. Marayu huɗun da aka bari ba a tambaye su ba. Diyya haƙƙin magada ce, kuma waliyyi ba shi da ikon yin kyauta da dukiyar maraya. Baligi ya yafe rabonsa in ya so.

Sannan mafi yawan waɗanda sakaci ya cutar suna raye. Ɗan dako a Mile 12 da aka yanke wa hannu ba zai sake ɗaukar kwandon tumatir ba. Matar da aka huda wa mafitsara wajen aiki ta koma yoyon fitsari tana buƙatar wata tiyatar. Yaron da ciwon shawara ya taɓa wa ƙwaƙwalwa zai buƙaci gashi da magani da mai ɗaukarsa tsawon rayuwa. Kuɗin da za a karɓa a nan na abinci ne da magani, kuma in ba a karɓa daga wanda ya yi ɓarnar ba, a ƙofar masallaci za a neme su da takardar asibiti a hannu.

Kwana biyun farko

A nan ake cin shari'a ko a faɗi, tun kafin a ga lauya. Zuciya na tafasa a lokacin, don haka a samu mutum ɗaya mai sanyi a cikin dangi ya ɗauki wannan aikin.

Ya rubuta komai a ranar, da Hausa ma ya isa, boko ko ajami: ƙarfe nawa aka iso, wa ya karɓa, ƙarfe nawa likita ya zo, me aka ce, wa ke wurin. Bayan wata shida babu wanda zai tuna ko biyu ne ko uku. Ya adana kati, rasit, takardun gwaji, hoton ciki, kwalin magani, da shaidar tura kuɗi ta waya. Kotu ba ta mayar da kuɗin da aka kashe sai da rasit. Idan akwai rauni a jiki a ɗauki hotonsa da kwanan wata.

Sai a rubuta wa shugaban asibitin wasiƙa ana neman kwafin fayil ɗin gaba ɗaya da rahoton likita. A yi kwafi biyu, su buga hatimi da kwanan wata a ɗaya a dawo da ita gida. A ambaci abin da ake so da suna: bayanan likita, jadawalin nas na awon jini da zafin jiki, jadawalin magani, bayanin tiyata, bayanin mai sa barci, da takardar sa ido a kan naƙuda in haihuwa ce. Jadawalin nas ya fi komai tona asiri, domin shi ke nuna awoyin da ba wanda ya leƙo. Za su iya cewa fayil na asibiti ne. Takardar tasu ce, amma bayanin na majinyaci ne, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba mutum damar karɓar kwafin bayanansa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta mai da sauya fayil ko lalata shi laifin da ake ɗauri a kansa. Da wuri ake nema, kafin wani ya zauna da biro.

A karanta takardar shaidar mutuwa. Idan abin da aka rubuta kawai shi ne zuciya ta tsaya, a tambaya me ya tsayar da ita. Kowane mamaci zuciyarsa ta tsaya.

Kada a sa hannu ko a dangwala a kan wata takarda sai wanda aka yarda da shi ya karanta. Wani lokaci ana cewa an yafe muku sauran kuɗi, ku sa hannu a nan, alhali abin da ke rubuce shi ne kun janye duk wani ƙorafi. Takardar amincewa da tiyata da aka sa wa hannu tun farko kuwa ba ta wanke sakaci. An yarda a yi aiki ne, ba a yarda a manta almakashi ba.

Kuma don Allah kada a taɓa kowa. Ranar da aka mari nas ko aka fasa gilashi, magana ta tashi daga kan mamaci ta koma kan ɗan uwan da ke tsare a ofishin 'yan sanda, asibiti ya zama mai ƙara.

Maganar binciken gawa

Wannan ce mafi nauyi, ba zan kuma yi kamar mai sauƙi ba ce. Mun saba mutum ya rasu da safe a kai shi kafin la'asar, kuma an hore mu da cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne da rai. Babu ɗan da zai so a buɗe cikin mahaifiyarsa.

Sai dai gaskiyar ita ce, idan mutum ya mutu a kan gadon tiyata ko jim kaɗan bayanta, sau da yawa ba abin da zai nuna musabbabi sai binciken. Jijiyar da ba a ɗaure ba, hanjin da aka huda, bututun numfashi da ya shiga hanyar abinci, duk ƙasa na rufe su. Jihar Legas na da doka tun 2007 da ta sa mutuwar da ake zargin sakacin magani cikin waɗanda ake kai rahotonsu ga majistaren binciken musabbabin mutuwa. Shi ke da ikon sa likitan gwamnati ya duba gawa, ya kira ma'aikatan asibiti su yi bayani a ƙarƙashin rantsuwa. Ba ya yanke diyya, amma abin da ya gano na zama tsani ga mai neman ta.

Ta fuskar addini kuma, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa (ƙungiyar Musulmin duniya) da ta zauna a Makka a 1987 ta halatta binciken gawa idan alƙali na buƙatarsa don gano musabbabin mutuwa. Ba cewa nake kowace gawa a kai ta ba. Tsohon da ya daɗe yana jinya ya cika, a yi masa sutura. Amma matashiyar da ta shiga da ƙafarta, ko yaron da aka kai cire ƙaba bai farka ba, ya kamata iyali su zauna na minti talatin su yanke shawara da saninsu, su san cewa in an rufe to an rufe da hujjar. Abin da ya rage wa shugabanninmu shi ne su nemi gwamnatin jiha ta riƙa gaggauta binciken gawar Musulmi. Tsoron a bar mutum mako biyu a firiji shi ne ke korar mutane, fiye da hukuncin kansa.

Ina ake kai kuka?

Mutane na ɗauka daga asibiti sai kotu, ko sai 'yan sanda. Akwai ƙofofi kafin nan, kowace da abin da take iyawa.

Likita na ƙarƙashin majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN. Ana kai mata ƙorafi ne ta takardar rantsuwa da aka yi a kotu, a haɗa da kwafin hujjoji. Kwamitin bincike zai nemi likitan ya ba da amsa, in ya ga akwai abin tuhuma ya tura shi kotun ladabtarwa ta majalisar. Ita tana iya jan kunne, ko dakatarwa har wata shida, ko soke sunan likita daga rajista. Ba ta ba da ko kwabo. Amfaninta shi ne likitoci ne ke duba aikin likita, wanda ya ƙware a ruɗa mai jinya da Turanci ba zai ruɗa su ba. Nas da ungozoma suna da tasu majalisar, masu harhaɗa magani ma haka.

Ginin asibitin kuma na ƙarƙashin HEFAMAA, hukumar da Legas ta kafa a 2006 don yi wa asibitoci rajista da sa ido a kansu. Tana rufe wuraren da ba su da rajista ko ƙwararrun ma'aikata. Wannan ta shafe mu kai tsaye, domin talakanmu ya fi zuwa ƙananan asibitocin cikin unguwa masu ɗaki uku, inda wanda ake kira dakta wani lokaci bai taɓa shiga makarantar likita ba, masu farin kaya kuma a wurin suka koyi allura. Tambayar ko wurin na da rajista, ko likitan na da lasisin bana, ba rashin kunya ba ce.

Diyya kuwa sai ta sulhu ko Babbar Kotun jiha. A nan a kula da lokaci. A Legas, ƙarar raunin jiki saboda sakaci shekara uku gare ta. Idan asibitin gwamnati ne abin ya fi tsanani, domin akwai tsohuwar dokar kare jami'an gwamnati da ta ba da wata uku kacal, kuma lauyoyinsu da ita suke fara kare kansu. Wata uku, ai mace ba ta ma fita takaba ba. Wanda ya ce sai hankali ya kwanta zai ga lauya, yana iya tarar da ƙofa a rufe.

Ba zan yaudari kowa ba, shari'ar na da wuya. Tana ɗaukar shekaru, ana ɗagewa, ana ɗaukaka ƙara. Babban tarnaƙi shi ne shaida: sai an samu wani likita ya tsaya gaban alƙali ya ce abokin sana'arsa ya kauce, kuma ba kowa ke yarda ba. A 2006 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar wata mata da guntun allurar ɗinki ya karye ya saura a cikinta bayan tiyata. Kowa zai ce wannan ai a fili take. Ta faɗi, domin likitocin sun yi bayanin yadda allurar ta karye, ita kuma ba ta kawo ƙwararren da zai rushe bayaninsu ba. Don haka kafin a biya lauya kuɗin shigar da ƙara, a fara kai fayil ga wani likita mai zaman kansa a fannin ya karanta. In ya ce babu sakaci, an huta da asara, zuciya kuma ta samu amsa.

Shi ya sa na fi karkata ga sulhu mai haƙori. Ƙa'idojin Babbar Kotun Legas ma sun ce sai an gwada sasantawa kafin a shigar da ƙara, kuma tun 2002 akwai zauren sulhu da ke haɗe da kotun, inda yarjejeniyar da alƙali ya sa wa hannu ke zama kamar hukunci. A can ana iya neman abin da kotu ba ta cika bayarwa ba: asibiti ya ɗauki nauyin tiyatar gyara, ya yi bayani gaba da gaba, ya ba da haƙuri. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya fara da ofishin lauyoyin gwamnatin jiha masu kare talaka kyauta, ko hukumar ba da tallafin shari'a ta tarayya, su nuna masa hanya.

"Likitocin ma a wahale suke"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ina girmama ta. Likitoci na barin ƙasar zuwa Ingila da Kanada da Saudiyya. Wanda ya rage yana iya kwana biyu bai runtsa ba, ga layin mutane, ga wuta na ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Ana tsoron in ƙararraki suka yi yawa sauran ma su tafi, ko su riƙa korar duk majinyacin da ya yi tsanani don kada ya mutu a hannunsu.

Amsata ita ce a daina farautar ƙaramin likita da nas, a kama mai asibiti. A doka, asibiti ke ɗaukar alhakin kuskuren ma'aikatansa. Shi ya yanke shawarar barin gini da gadon haihuwa babu likitan dare. Shi ya karɓi kuɗin tiyata alhali ba shi da jini a ajiye, ba na'urar auna iskar jini a yatsa, ba motar da za ta kai majinyaci babban asibiti. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Matuƙar sakaci bai taɓa aljihun mai asibiti ba, ɗaukar likita na biyu asara ce a lissafinsa. Ranar da ya taɓa, lissafin zai canja, kuma likitan da ke kwana biyu a tsaye shi zai fara amfana. Ya kamata kuma a ce babu asibitin da za a sabunta wa rajista sai ya nuna inshorar biyan diyyar kuskure, don kada hukunci ɗaya ya rufe shi, kada kuma wanda ya ci shari'a ya tashi da takarda kawai.

Akwai abin da gajiya ba ta zama uzuri a kansa. Dokar 2014 ta hana a ƙi karɓar majinyacin gaggawa bisa kowane dalili, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Wata doka ta 2017 kuma ta ce a yi wa wanda aka harba magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba. Duk da haka har yau ana yawo da mutum a Keke daga ƙofa zuwa ƙofa jini na ɗiga.

"Mu baƙi ne a garin nan"

Wannan ita ce ba a cika faɗa da ƙarfi ba, amma ita ce a ƙasan sauran. Mai gadi ko mai shayi da ba ya jin Turanci sosai, ba ya jin Yarbanci, yana ganin in ya ɗaga murya za a ce ya koma garinsu. Hausawa sun fi shekara ɗari a Agege, kuma ko jiya mutum ya sauka a Legas kuɗinsa aka karɓa, doka ɗaya ce ta rufe shi da kowa. Dokar 2014 ta ce a yi wa majinyaci bayanin ciwonsa da hanyoyin magani da haɗarinsu, gwargwadon iko cikin harshen da yake ji. Gyaɗa kai ga abin da ba a fahimta ba shi ne mafarin matsaloli da yawa. A ce, "Likita, ban gane ba, a samo mai Hausa." A tafi da mai fassara tun ranar farko, mace kuma a bar ta ta yi bayanin jikinta da bakinta.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muna kai majinyaci bayan an gama da kemis da jiƙo da mai ɗori, sannan mu ɓoye wa likita abin da aka sha. Muna hana a yi wa mace aiki sai an samu miji a waya yana Alaba Rago ko yana hanyar Arewa. Muna sa hannu mu ɗauke marar lafiya a kan za a kai shi gida, ya cika a Ogere ko Jebba. Duk wannan na shiga fayil, kuma lauyan asibiti zai karanta shi a gaban alƙali layi bayan layi.

Muna da sarakunan Hausawa, da shugabannin kasuwar gwari da ta dabbobi, da kwamitocin masallatai masu haɗa kuɗin mota cikin awa biyu don a kai gawa Kano ko Sakkwato. Tsarin da ke iya wannan zai iya ajiye lambar lauya ɗaya da likita ɗaya mai jin Hausa, waɗanda za a kira tun gawa na asibiti, su karanta takarda kafin a sa hannu, su rubuta wasiƙar neman fayil a ranar. Kowane masallacin Juma'a ya buɗe littafi a riƙa rubuta sunan asibiti da abin da ya faru, ba don yaɗawa a Facebook ba, wannan na iya jawo ƙarar ɓata suna. In aka ga ƙorafi uku a kan wuri ɗaya cikin shekara, sai a haɗa su da hatimin sarki a miƙa wa HEFAMAA, a karɓi shaidar sun karɓa, a koma bayan wata guda a tambayi inda aka kwana.